Mai Wuri Zai Dawo

Akwai wani gari a bakin Gulbin Sakkwato, ƙasa da Gusau kaɗan, kafin a kai Bungudu. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanen cikin labarin nan ma da sana'arsu kawai za ku san su. Gulbin dai na gaske ne. Shi ne wanda ke tasowa daga wajajen Funtua, ya kwaso ruwan duwatsu da gonakin da ke tsakanin can da Tsafe da Kwatarkwashi, ya ratsa Gusau, ya wuce Bungudu, ya faɗa madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, sannan ya je ya haɗu da Rima a kusa da Sakkwato.

A garin nan akwai wani tsoho mai fito. Ya gaji kwalekwale da gora daga mahaifinsa, ya kuma gaji wata tsamiya da ke tsaye a kan gaɓa. Kowace shekara, idan ruwa ya kai iyakar cikarsa ya fara ja da baya, sai tsohon ya ɗauki gizago ya je ya sari ɓawon tsamiyar daidai inda kumfa da busasshiyar ciyawa suka maƙale. Haka mahaifinsa ya riƙa yi. In wani tsohon sara ya fara haɗe baki, sai ya sabunta shi, don kada shekarar ta ɓace.

Wanda ya iya duba jikin tsamiyar nan zai ga tarihin damina. Daidai ƙirjin mutum akwai saran mahaifinsa na shekarun 1950, lokacin da ruwa ya wadata a ƙasar Hausa, fadama kan cika ta batse, a noma shinkafa a kama kifi a wuri guda. Daga nan saran ya yi ta sauka. A 1973 ruwa bai taɓa ko saiwar tsamiyar ba, haka ma a 1984. Shekarun fari ke nan, da dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu neman abinci. Gulbi ya tsuke ya koma tsakiyar yashinsa, ya bar fadama a bushe shekara da shekaru, har aka haifi yara suka girma ba su taɓa ganin ta cika ba.

A 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni. Ma'aikata suka zo, 'yan kasuwa suka biyo bayansu, fili ya yi daraja har a garuruwan kewaye. Wata safiya tsoho ya fito zai kwance kwalekwale, sai ya hangi mai'unguwa da dillalin filaye da wani ma'aikaci riƙe da tef ɗin awo, suna kafa turaku a tsakiyar fadama. Ya ajiye gora, ya ƙarasa, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Ranka shi daɗe, wanga wuri fa shina da mai shi."

Mai'unguwa ya ce, "Wane ne, Baba? Mun bincika, babu magaji ko ɗaya."

"Gulbi na, ranka shi daɗe. Tahiya yay yi, bai mutu ba. In mai wuri ya zo, mai tabarma sai shi naɗe."

Dillali ya yi dariya. "Baba, wannan zancen da ne. Yanzu akwai dam a Gusau, an ɗaure ruwa. Kai dai ka ci gaba da fitonka."

Tsoho bai ƙara magana ba. Aka yanka fulotai, aka buga hatimi a takardu, gidaje kaɗan suka tashi a bakin fadama.

Ran Asabar 30 ga Satumba, 2006, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar ruwan Gusau ta fashe. Wannan ba ƙagen labari ba ne, mutanen Gusau da dama sun gani da idonsu. Rahotannin da suka fita a lokacin sun ce ƙofofin sakin ruwa ne suka ƙi aiki, ruwa ya fi ƙarfin ginin, gidaje kimanin 500 suka tafi, aka kuma ambaci mutuwar mutane kimanin 40. A garin labarinmu ruwan ya share gidajen bakin fadama, ya hau tsamiya har ya wuce saran shekarun 1950. Da ya janye, tsoho ya miƙe tsaye ya yi sabon sara daidai goshinsa. Mutane suka yi ta rantsuwa cewa ko kyauta aka ba su fili a fadama ba su so.

Rantsuwar ba ta yi ƙarko ba. Damina ta zo ta wuce lafiya, wata ma haka. Sai kuma wata masifa ta daban ta sauka a Zamfara: 'yan bindiga suka hana mutanen ƙauye noma da barci. Iyalai suka riƙa kwararowa cikin Gusau da Tsafe da Bungudu da duk garin da ke bakin kwalta, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Filin tudu ya fi ƙarfin talaka. Dillali ya kakkaɓe tsofaffin takardunsa, turaku suka koma fadama, wannan karon har kusa da yashi.

Cikin masu zuwan akwai wata mata daga wani ƙauye a ƙasar Tsafe. An kashe mijinta a gona, ta fito da 'ya'ya huɗu da awakin da suka rage mata. Ta sayar da awakin, ta haɗa da kuɗin ƙuli-ƙulin da take soyawa, ta je wurin dillali neman rabin fuloti. Da ya kai ta wurin, ta duƙa ta damƙi ƙasar, ta ga baƙa ce mai laushi, irin wadda a ƙauyensu ake dasa shinkafa a cikinta.

"Malam, don Allah ruwa ba ya kwanciya a nan?"

"Haba baiwar Allah! Tun 2006 rabon wurin nan da ruwa, shi ma dam ne ya fashe, kuma an gyara. Ga hatimi, ga sa hannu. In ba ki so, akwai mai jira."

Ta biya. Ta naɗe takardar a cikin leda, ta ƙulle a gefen zane. Ta gina ɗaki biyu na tubali, ta kewaye da zana.

A daidai lokacin ne wani Alhaji mai hali ya sayi fulotai shida a gefen da ya fi ɗan tudu. Shi mai lissafi ne, bai raina tsamiya ba. Ya tura maginansa da tiyon awo, suka ɗauko tsayin saran 2006, ya ce a ɗaga masa fandisho ya wuce shi da kamu guda. Tifa ta yi ta jigilar jar ƙasa ana cikowa. Akwai wata 'yar ƙorama da ke ratsa filin tana kai ruwan unguwa gulbi, sai aka toshe ta da katanga, aka bar mata ɗan kwalbati wanda ko akuya sai ta duƙa za ta shige. Tsoho ya tsaya yana kallon aikin, ya ce a ransa, wannan dai ko ba komai ya ji maganar tsamiya.

Tsohon yana da jika da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ya zo hutu, suna zaune a gindin tsamiya da la'asar, tsoho yana ɗinke tarunsa, ya nuna masa ginin Alhaji yana yaba hankalinsa. Yaron ya daɗe yana kallon saran, sannan ya ce:

"Kaka, tsamiyar nan tana faɗin abin da ya wuce ne. Ruwan da ke tafe bai san da ita ba."

"Kai abokina, boko ya hwara taɓa ka? Ruwa ai ruwa na. Abin da yay yi wa ubana shi za ya yi wa jikokinka."

Yaron ya gyara zama ya yi masa bayani a hankali. Ya ce tun da mutane suka dukufa ƙona kwal da man fetur da iskar gas, hayaƙinsu ya taru a sama yana riƙe zafi, har duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas. Ya ce Kaka ya san yadda wanki ke bushewa nan da nan a zafin bazara, to iska mai zafi ta fi mai sanyi kwasar danshi, kuma masana sun auna: duk ƙarin digiri ɗaya, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin ɗari. Abin da ta ɗauka kuwa sai ta sauke shi. Ya ce wasu masana sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka wallafa a mujallar Nature a 2017 cewa hadura mafiya tsanani a yankin Sahel, wanda muke bakinsa, sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma sun danganta hakan da yadda hamadar Sahara ke ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita.

Tsoho ya ajiye taru. Ya yi shiru, don maganar ta taɓa wani abu da ya daɗe yana gani bai gaya wa kowa ba.

"Da can," in ji shi, "ruwa kan kwana shina zuba a hankali, ƙasa tana sha. Yanzu sai a yi sati biyu gero na yaushi, sannan hadari guda shi zubar da na wata a dare ɗaya. Kuma da in munka hangi hadari gabas, mukan kwana mu tashi kahin ruwan shi iso mana. Yanzu kahin asuba ya iso, ja wur, ɗauke da kara da robobi."

Yaron ya ce rabin maganar ke nan na sama, sauran rabin yana ƙasa. Dazukan da ke tare ruwa an sare su an yi gawayi da itacen girki, gonaki sun gaji, fuskar ƙasa ta daskare ba ta shan ruwa, sai ya gangara a guje. Masu binciken koguna a Nijar da Burkina Faso sun lura da wannan tun shekarun fari: ruwan sama ya ragu, amma wanda ke kwarara cikin kogunan Sahel ya ƙaru. Jan da Kaka ke gani a ruwan, ƙasar gonakin mutane ce, ita ce ke zuwa ta kwanta a cikin gulbi da madatsu tana cinye wurin ruwa. To ga sama ta ƙara abin da take saukewa, ga ƙasa ta rage abin da take sha, ga hanyar ruwa an cike ta da gini.

"Shi injiniya," in ji yaron, "in zai gina gada ko dam ko kwalbati, lissafin ruwan shekarun baya yake dubawa, yadda Alhaji ya duba tsamiya. Akwai abin da suke kira ambaliyar shekara ɗari, wato wadda a kowace shekara damar zuwanta ɗaya ce cikin ɗari. In yanayin da aka yi lissafin a cikinsa ya sauya, irinta za ta iya zuwa wa mutum sau biyu ko uku a rayuwarsa, kuma babbar da ke bayanta ba a taɓa ganin irinta ba."

Washegari tsoho ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ƙofar mai'unguwa. Ya faɗi abin da ya ji da abin da ya gani. Mai'unguwa ya saurare shi, ya ce ai shi ma an aiko masa da wata takarda a kan haka. Gaskiya ya faɗa. Kowace shekara kafin damina hukumar NiMet kan fitar da hasashen ruwan sama, hukumar NIHSA mai lura da koguna kuma kan fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa. A garin labarinmu takardar ta bi ofis-ofis, kowa ya sa hannu ya tura gaba, har ta iso aljihun mai'unguwa. Ya ce in sha Allahu za a kira taro. Amma kiran taro na nufin a gaya wa mutane cewa filin da aka sayar musu hanyar ruwa ne, kuma akwai sauran fulotai goma da ba a sayar ba. Takardar ta koma aljihu.

Ba zan sa wa shekarar da ruwan ya zo lamba ba, domin mai yiwuwa ba ta riga ta zo ba. Watan Satumba ne dai. Ƙasa ta ƙoshi tun Agusta, rijiyoyi sun kawo ruwa baki, gero ya yi kai. Aka yi kwana uku ana yayyafi, a dare na huɗu hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, ya sauke kayansa tun daga wajajen Tsafe har Gusau. Babu dam ɗin da ya fashe a daren nan. Ruwan sama ne kawai.

Tsoho bai runtsa ba. Can tsakar dare ya ji muryar gulbi ta sauya, ta koma wani gurnani mai nauyi da yake ji har a ƙirjinsa. Ya haska tocila a jikin tsamiya, ya ga ruwa ya shafe saran mahaifinsa. Kafin ya tashi jikansa su kwance kwalekwale, ya shafe na 2006. Ƙoramar da aka toshe ta taru a bayan katangar Alhaji, kwalbatin ya cushe da kara da leda, ruwan unguwa ya rasa hanyar gulbi, na gulbi kuma ya hauro ya tarye shi. Gidajen tubali suka jiƙe daga ƙasa suka riƙa zaunawa ɗaya bayan ɗaya.

Suka tarar da matar nan tsaye a kan turmi, ruwa iya ƙugunta, ƙaramin a goye, ɗaya a kafaɗa, biyu sun rungume reshen darbejiya. Yaron ya riƙe reshe, tsoho ya kafa gora, aka ɗora su ɗaya-ɗaya. Buhun geronta da kaskon suyarta da tabarmi duk sun tafi. Suka kai su tudu suka komo, suka yi ta zirga-zirga har gari ya waye. Akwai gidajen da ba su kai gare su da wuri ba, an yi jana'iza a garin ranar. Gidan Alhaji bai faɗi ba, amma ruwa ya shiga ta taga, iyalinsa a kan bene suka kwana suna salati.

Bayan kwana biyu motoci suka zo makarantar firamaren da aka tsugunar da mutane. Aka sauke buhunan shinkafa da masara, da tabarmi da barguna da bokitai, aka jera su a gaban masu ɗaukar hoto. Wani babban ma'aikaci ya yi jawabi, ya jajanta, ya ce wannan ikon Allah ne, babu wanda ya isa ya tare ruwa, sai haƙuri. Mai'unguwa ya gyaɗa kai. Dillali yana can baya, shi ma yana gyaɗawa.

Sai matar ta miƙe. Ta kwance gefen zanenta, ta warware leda, ta fito da takardar, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Ta ɗaga ta sama.

"Yallaɓai, ni ban yi boko ba. Na gudo daga bindiga, na sayar da awakina na sayi wannan. Na tambaya ko ruwa na zuwa, aka ce mini a'a. Don Allah a duba mini, wanda ya sa hannu a nan, ya san ruwa na zuwa ko bai sani ba? In bai sani ba, me ya sa aka ba shi hatimi? In kuwa ya sani, me na yi masa?"

Wuri ya yi tsit. Liman ne ya karɓi magana. Ya ce babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara, ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Amma ya tuna wa jama'a cewa Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tun ƙasa na bushe ya sassaƙa jirgi, mutane na wucewa suna yi masa ba'a. Ya tuna musu cewa an umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Ya ce wanda aka ba amana aka kuma aiko masa da gargaɗi ya ɓoye, ranar lahira ba za a tambaye shi yawan ruwan da ya sauka ba, takardar da ke aljihunsa za a tambaye shi.

Da ruwa ya janye, tsoho ya ɗauki gizago ya nufi tsamiya. Hannunsa bai kai inda ciyawa ta maƙale ba, sai da aka aro tsani, jikansa ya hau ya yi saran. Mutane suka taru suna kallo, wani magini ya ce to yanzu an san iyaka, duk mai gini sai ya auna daga nan. Tsoho ya juyo ya dube shi.

"Kul! Kada wanda ya ƙara aunawa da wanga sara shi ce nan ne iyaka. Ni da ubana mun yi shekaru muna rubuta inda ruwa yat tsaya. Inda za shi tsaya gaba, ku bar mai wuri mai yawa, don ba mu san shi ba."

Aka watse. Kaka ta zo, hunturu ya wuce, fadama ta bushe ta tsattsage. Wata safiya cikin bazara tsoho ya fito, sai ya hangi mutum uku a tsakiyar fadama, ɗaya riƙe da tef, ɗaya na kafa turaku.

Nan labarin ya tsaya. Ban kira sunan kowa ba, kuma ba ni da niyyar kira. Amma duk wanda ya ji kamar an taka masa ƙafa, to ya duba inda ya ajiye ta.

Abin da ya sa na ba da shi, abubuwan da ke cikinsa sun riga sun faru a gutsure a wurare daban-daban, jira kawai suke su haɗu a wuri guda. A Satumban 2010 ruwan Rima ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya cinye ƙauyuka, ya yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da birnin Sakkwato. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A 2020 kogin Neja ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai. A 2022 fiye da mutum 600 suka rasu a ƙasar nan, kuma masanan da suka bincika ruwan shekarar sun ce ɗumamar yanayi ta ƙara masa ƙarfi, ta kuma sa irinsa ya fi saurin aukuwa. A Agustan 2024 ruwa ya raba dubban mutane da gidajensu a Gummi, nan cikin Zamfara. Ran 10 ga Satumban shekarar madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Mai lura zai ga Gusau da Goronyo da Alau duk a Satumba ne, lokacin da ƙasa ta ƙoshi, madatsu suka cika, hadari guda ya isa ya ƙarasa aiki.

Masana na da saɓani a kan ko jimillar ruwan shekara zai ƙaru ko zai ragu a kowane yanki na Afirka ta Yamma. Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne ruwa mai sauka da ƙarfi a ɗan lokaci zai ƙara tsanani muddin duniya na ƙara zafi. Saboda haka manomin Bungudu na iya kukan fari a Yuli, ya yi kukan ambaliya a Satumba, a gona ɗaya, a shekara ɗaya.

Gaskiya ne ba mu muka cika sama da hayaƙi ba. Kason Afirka gaba ɗaya a hayaƙin da ke ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin ɗari ba, kuma muna da haƙƙin neman manyan ƙasashe su biya ɓarnar da suka jawo. Sai dai turken da aka kafa a fadama ba daga Amurka ko Sin aka zo aka kafa shi ba. Wanda ya toshe ƙorama ɗan garinmu ne, wanda ya buga hatimi muna sallah sahu ɗaya da shi, wanda ya ajiye takardar gargaɗi a aljihu mun san ƙofar gidansa.

Abin yi ba ɓoyayye ba ne. A gwada ƙofofin kowace madatsa tun da rani, a buɗe a rufe a gaban shaidu, a kwashe lakar da ta cike ta. A shata hanyar gulbi da ta kowace ƙorama da ginshiƙan siminti, a wuce inda ruwa ya taɓa kaiwa da tazara mai yawa, a haramta yanka fuloti a ciki, a hukunta mai sayarwa kafin a rushe wa mai saye. Waɗanda rashin tsaro ya koro, a ba su fili a tudu, domin ba son bakin ruwa ya kai su can ba, rashin kuɗi ne. Sabuwar gada da sabon kwalbati a yi su da lissafin ruwan gobe. A kafa ma'aunin ruwa a gulbi, a sa mutanen da za su riƙa kiran juna a waya daga Tsafe zuwa Gusau zuwa Bungudu da zarar ya fara hawa, a sanar a rediyo da lasifikar masallaci ko da tsakar dare ne. A mayar da itatuwa gaɓar gulbi. Hasashen NiMet da na NIHSA kuma a karanta shi da Hausa a fada da kasuwa da masallacin Juma'a, kowa ya ji da kunnensa.

Ranku ya daɗe masu sarauta, yallaɓai masu hatimi, alhazai masu gini, da mu talakawa masu zuba shara a kwata: buhun shinkafar agaji ba ya dawo da ɗan da ruwa ya tafi da shi. Wanda ke da takarda a aljihu ya fito da ita ya karanta wa jama'a, wanda ya kafa turke a hanyar ruwa ya je ya cire abinsa tun ƙasa na bushe. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu.